Jinin Goggo Hansatu

Tun da aka kafa dokar bazara don hana yaɗuwar sanƙarau, ba mai shiga taro sai an huda masa yatsa an gwada jini. Goggo Hansatu ta zo sunan jikarta da kunun kanwa, ma'aikacin gwaji ya huda mata yatsa, na'ura ta nuna ja.

"Ɗana, sanƙarau tun ina yarinya na yi shi na warke. Kunne ɗaya kawai ya ci."

"Jininki ne bai manta ba, Goggo," in ji ma'aikacin. "Na'ura ba ta san an warke ba."

Kunu ya shiga, ita ta zauna a bencin waje. Can aka leƙo aka ce an sa wa jaririya Hansatu.

"Madalla," ta ce. "Ku gaya wa takwarata kada ta kuskura ta warke daga komai."