Igiyar Bara

Tsaya nan, Ɗanjuma. Kai ne yau kake cewa awon ruwan da ofishinku ya yi naku ne, ba za ku nuna wa jihar maƙwabta ba? Haba! Gyara zama ka ji.

An yi wasu ƙauyuka uku a bakin fadama ɗaya, kowanne da rijiyarsa, amma ruwan da ke ƙasa ɗaya ne. Duk tsakiyar rani mai kula da kowace rijiya yakan zura guga, ya ƙulla igiya daidai inda gugan ya taɓa ruwa. Ranar kasuwa sai a shimfiɗa igiyoyin uku a gaban hakimi. In sun ƙara tsawo, ya san ruwa ya ja baya, sai ya rage injinan ban-ruwa. Wata shekara, mutum biyu suka kawo nasu, kowace ta ƙaru da kamu huɗu. Na ukun manomin albasa ne mai inji biyar. Shi ma ya auna, ya ga abin da suka gani da idonsa. Amma don rashin tsoron Allah ya cusa sabuwar igiya a rumbu, ya ɗauko ta bara. Har da bugun ƙirji wai su ruwansu lafiya lau, waɗancan ragwaye ne, ba sa yashe rijiya. Hakimi bai je ya duba ba, abin da aka shimfiɗa masa shi ya gani. Ya ce tunda ɗaya lafiya take, matsalar ba ta fadama ba ce, kowa ya ci gaba da ban-ruwa.

Rijiyar ƙauyen tudu ce ta fara ƙafewa. Mata suka riƙa tafiyar rabin yini da jarka a ka, tsofaffi suna taimama ga fadama a gabansu. Mutumin naka ko a jikinsa, injinansa na ta ruri. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci! Rijiya ta biyu ta bi. Saura mako uku a cire albasa, injinansa suka fara tari suna aman laka. Ya ƙara tiyo, ya ƙara rami, a banza. Albasa ta kwanta tun ba ta yi kai ba. Ya ɗauki jarka ya nufi maƙwabta roƙon na sha, ya tarar rabin gari sun ɗaure kaya sun tashi. Wata tsohuwa ta dube shi ta ce, "Au, ba kai ne mai ruwa lafiya lau ba?"

To, ruwan ƙasa bai san iyakar jiha ba, Ɗanjuma, kuma gwamna da takardar da kuka miƙa masa zai yanke hukunci. Gobe ka ɗauki awonku ka kai musu, ka karɓo nasu ku haɗa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.