Layukan Yaya Tasalla

Tun da aka kafa sabuwar doka, duk shafin manhajar da ɗan Adam bai gyara ba cikin shekara, na'ura ce ke share shi ta rubuta nata.

Shi ya kawo Kubura shagon kwamfutar Malam Ɗanjuma ranar kasuwa. Manhajar rabon ruwan rijiyoyi ta kowa ce, kowa na iya sa hannu, amma shafi ɗaya yayarta Tasalla ce ta rubuta kafin ta rasu.

"Injiniya, an zo ziyarar kabari?" in ji Malam Ɗanjuma. "Ki bar wa na'ura mana, ta fi ku iyawa."

"Ta iya, Baba. Amma ba ta san rijiyar gabas ba."

Sai dai duk layin da ta gyara, sunan Tasalla yakan goge, nata ya hau. Shekara tara ke nan tana zuwa gyara layi ɗaya duk shekara, don kar na'ura ta share shafin. Saura layi biyu.

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta gyara na sama, ta bar na ƙasa, inda Tasalla ta rubuta: "Kar a tura tsofaffi rijiyar gabas, ƙafar Inna ba ta son tudun nan."

"Baɗi fa?" ya tambaya a hankali.

Ta gyara mayafinta. "Baɗi ma zan zo."