Fitilar Tarakta a Goshin Babur

Ɗanliti ba ya noma, amma duk mai yankan riɗi a gonakin da ke tsakanin garuruwan Doka da Simsim ya san ƙarar babur ɗinsa. Shi ke kai wa direbobin tarakta mai da ƙananan kayan gyara, ya kai wa leburorin kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, sukari da ganyen shayi. Da kaka aikin ba ya sakinsa sai bayan magariba. Hanyar kuwa baƙar ƙasa ce, in ta bushe takan tsattsage har taya ta faɗa ciki, ga fitilarsa ta yi rauni.

Wata rana ya samo fitilu biyu da aka cire daga wata matacciyar tarakta, irin waɗanda ake haska gona da su. Ya kai wa Usta Wada, makanike a Doka, ya ce a ɗaura masa su sama, kusa da madubi.

Wada ya jujjuya su ya ce, "Ya zol, bawan Allah, waɗannan na gona ne, ba na titi ba. Bari in saukar da su ƙasa su kalli hanya, in sa musu makunni daban. Ka hango mota, ka kashe."

"A'a. Haɗa su da babbar fitila, in na kunna su kama gaba ɗaya. Kullum direbobin lori ke kashe mini ido, su kore ni cikin ciyawa. Yanzu su ma za su ɗanɗana."

Wada ya ce hannunsa ba zai yi wannan aikin ba. Ɗanliti ya kwashi kayansa, ya je gida ya haɗa da kansa. Matarsa Maiturare tana tsaye ya kunna, tsakar gidan ya koma kamar rana. Ta kare fuska da mayafi ta ce, "Baban Atika, ni da nake matarka ban gan ka ba. Ina ga wanda ke tafe da gudu?" Dariya kawai ya yi.

Ba a daɗe ba wani ɗan sandan hanya ya tsayar da shi a bakin gari. Ya ce doka ba ta yarda da hasken da ke makantar da mai tahowa ba, kuma jar fitilarsa ta baya ma a mace take.

Ɗanliti ya ce, "Janabu, ranka ya daɗe, ranar da ka tsayar da manyan motoci, ka zo ka tsayar da ni. Ko don nawa babur ne?"

Aka tilasta masa ya kwance fitilun nan take. Washegari kafin hantsi ya mayar da su.

Ranar wata Laraba, yana barin kambo, wani lebura mai suna Mato ya roƙe shi ya sauke shi Doka. An aiko masa cewa matarsa ta haihu, namiji. Suka hau titi duhu yana sauka, Mato a baya yana ta shawarar sunan da zai sa wa yaron.

Can sai ga lori ɗauke da buhunan dawa. Direban ya rage haskensa, ya ƙyafta, ya sake ƙyaftawa. Mato ya taɓa kafaɗar Ɗanliti. "Malam Ɗanliti, rage masa mana."

"Ba na ragewa. Ya ji yadda muke ji."

Direban ba ya ganin komai sai farin haske. Bai ga keken jakin da ke tafiya gabansa ba sai da ya kusa hawa kansa. Ya karkata sitiyari don ya kauce, lorin ya yo kan babur.

Mato bai kai Doka ba. A gefen titin ya cika. Ɗanliti kuwa ya farfaɗo a asibiti a Gadarif, an yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Da aka sallamo shi, masu zuwa dubiya suka cika zaure, kowa na cewa ma'alesh, sai haƙuri, ƙaddara ce. Cikinsu har da Mahmudu, wanda ya karɓi aikin kai kaya kambo. Bayan an yi addu'a ya gyara murya ya ce ya ji fitila ɗaya ba ta fashe ba, ko za a sayar masa.

Maiturare ta jiyo daga ciki. Ta fito da fitilar a hannu ɗaya, taɓarya a ɗayan, ta dire ta gaban mazan.

Wani dattijo ya ce, "Haba Maiturare, koma ciki. Abin da Allah ya rubuta ne ya faru."

"Na yarda da ƙaddara, Baba. Amma ina tsaye aka ɗaura wannan, kuma hannun mutum ne ya ɗaura. An yi suna a Doka babu uban yaro. Ba za a ƙara da fitilar gidana ba."

Ta ɗaga taɓarya ta sauke. Gilashi ya watse har bakin tabarma. Mahmudu ya dubi Ɗanliti ko zai tsawata mata. Ɗanliti ya dubi matarsa ya ce, "Ƙara wa fitilar ɗaya. Mato ya ce in rage, na ji shi sarai, na ƙi."

Jama'a masu babur da masu mota, ƙarin fitila ba laifi ba ne in an bi doka: ta kalli ƙasa, ta samu makunninta, a kashe ta in an haɗu da wani. Hasken da ya makantar da mai tahowa bai kare ka ba, ya sa babbar mota ce a hannun wanda ba ya ganin ka.