Uban da Ba Ya Kiran Suna

"Madam, soke ziyarar nan!" Sakina ta nuna tsohon mijinta a cikin ofishin. "Wata huɗu Hamidu yana zuwa buron nan ganin ɗansa, kin taɓa jin ya kira sunan yaron? Wannan uba ne?"

Hamidu ya sunkuyar da kai, gorar nono daga ƙauyensu Alela a hannunsa.

Bushira, mai sa ido kan ziyarar, ta ɗauki alƙalami rai a ɓace. Sai ta dakata.

"Ke uwarsa, kira min shi da sunansa."

Sakina ta buɗe baki, ta rufe, ta ja mayafi kan fuska. Ashe ɗan fari ne, ita ma kunya ta hana ta.

"Hamidu," in ji Bushira, "Asabar ka dawo. Na ƙara maka awa guda."