Gida a Ƙetaren Gulbi

Ya tsaya riƙe da kekensa, yana kallon jan ruwa na gudu inda hanya take jiya.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa ya baro Gangara, ya samu aikin buro, wato ofis, a Maradi. Hayar birni ta fi ƙarfinsa, sai amininsa, wanda aka yi musu kaciya tare, ya sayar masa da fili a ƙetaren gulbi. Da rani ne. Suka taka busasshen yashi, aminin na cewa, "Gulbin nan ya mutu tuni."

Yau da damina, ga jirgin fito ya matso, sabo fil, aminin ke tuƙi.

"Shigo, aboki," in ji shi, ko kunya babu. "Amma keken ma kuɗinsa daban."