Kafiretar Suruki

Karo na shida ke nan cikin kwana shida da Mai Kunne ya kwance kafiretar jan babur ɗin nan, kuma yau ma filogi ya fito fari fat kamar alli, alamar fetur ba ya isar inji.

Ya ja tsaki ya wurga shi cikin faranti. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran babura, kuma sunan nan ba a banza ya same shi ba. Inji na tashi zai karkata kai, ya gaya maka fetur ne ya yi yawa ko iska, tun bai taɓa sifana ba. Ga shi yanzu wani ɗan babur yana neman mayar da shi abin dariya a layin.

Abin haushin, babur ɗin na surukinsa ne, mijin 'yarsa Auta. Bawan Allah ya cire lafiyayyar salansar kamfani ya ɗaura buɗaɗɗen bututu mai ƙarar tsiya, ya yar da akwatin matatar iska ya maƙala wani ɗan kwando a bakin kafireta. Dama can jininsu bai haɗu ba. Wata tara da biki, Mai Kunne bai taɓa taka gidansu ba, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Ba don Auta ta bugo waya ta ce babur ya kusa kayar da mijinta a tsakiyar titi ba, da ko kallonsa ba zai yi ba.

Aikin kuwa ba wani aiki ba ne. In ka buɗe wa inji gaba da baya, iska ta ƙaru, dole ka ƙara masa fetur. Sai ka cire jet, ɗan mitsitsin ƙarfen nan mai huda da fetur ke bi, ka sa wanda ya fi shi faɗi, ka ɗaga allurar kafireta mataki ɗaya, ka murza sukurun iska har inji ya nutsu. Ranar farko ya cire jet mai lamba casa'in da biyar ya sa mai ɗari da biyar. Babur ya tashi sumul, ya zaga layi sau uku, filogi ya fito ruwan ƙasa yadda ake so.

Washegari sai ga suruki, babur yana tas-tas-tas, da an ja totur ya shaƙe.

"Baba, wallahi ban taɓa komai ba."

"Na tambaye ka?"

Ya zaro jet, ya kai baki ya hure shi kamar yadda ya saba tun yana koyon sana'a, sannan ya ɗaga shi ga hasken rana. Huda tsaf, ba datti. Ya mayar, inji ya daidaita. Da safe kuma aka dawo gidan jiya.

Ba abin da bai yi ba. Ya wanke tanki, ya canja tiyo, ya bi robar wuyan kafireta da yatsa ko iska na satar hanya. Ya gwada ɗari da goma, babur ya dinga aman baƙin hayaƙi, ya koma ɗari da biyar yana ƙunƙuni. Shi ko suruki yana kan benci ya yi tsuru-tsuru, yana miƙo sifana tun ba a nema ba. A rana ta huɗu har kwano ɗaya suka ci abincin da Auta ta aiko, don dai ba kyau ka ci mutum na kallonka.

Abin da ke cin ran Mai Kunne ba babur ba ne, tsoro ne. Watakila kunnen ne ya fara tafiya. Watakila da yamma inji na yi masa ƙarya yana yarda, sanyin safiya kuma ya tona asiri. Bakaniken da ke tsallaken titi ma ya fara ɗago murya yana tambaya ko a aiko masa da taimako. A rana ta shidan nan Mai Kunne ya koma gida ko ruwa bai sha ba, ya ce wa matarsa in babur ɗin ya sake dawowa, zai sa wa garejin kwaɗo ya huta. Ta dube shi ta san ba wasa yake ba.

Abu ɗaya ya rage bai gwada ba: ya ji tashin farko na injin da kunnensa, da sanyinsa, kafin kowa ya hau. Wannan kuwa sai a gidan suruki. Ya daɗe yana jan ƙafa, ya ce a ransa ai aiki ne ya kai shi, ba ziyara ba.

Gari na wayewa ya isa. Ƙofa a buɗe, ana jin suruki yana wanka a bayi. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa ya shiga tsakar gida, sai ya tsaya cak.

Auta ce tsugune gefen babur, sukudireba a haƙoranta, kwanon kafireta a cinyarta. Ta riƙe jet da yatsu biyu tana zura masa ɗan guntun zaren ɗinki a huda, da ƙwarewa irin ta 'yar bakanike. Ta ɗago ta gan shi, ta cire sukudireban daga baki.

"Ina kwana, Baba. Kunnenka lafiyarsa ƙalau," ta ce, idonta ya ciko da ƙwalla. "Na dai san sai ka hure kafin ka duba, zaren ya fice ba ka gan shi ba. Wata tara ina roƙonka da baki ka shigo gidana, ba ka zo ba."