Ƙullin Bama na Saje Mainasara

Ƙullin da 'yan sikawut na Magarya ke taƙama da shi babu shi cikin littafin Turawa. Ƙullin Bama sunanshi, kuma Saje Mainasara ya zo da shi. Yanzu da Saje ya riga mu gidan gaskiya, malamin elemantare ya ce a rubuta tarihin ƙungiya kafin a mance. To ga shi.

Shekarar da anka ɗebi soja don yaƙin Bama, hakimi ya ce Magarya ta ba da mutum guda. Anka duba wanda gona ba za ta yi kewarshi ba, anka ba da Mainasara. Dogari ya sa shi gaba sunka nufi Rabah. Matarshi Turai, mai sayar da albasa, ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ta ɗaura wa jaki kaya ta fita kasuwancinta, mata na ta zagin taurin zuciyarta. Daga ranar ma ta ƙara kasuwa guda, duk wata sai ta je Goronyo.

Bayan shekara uku labari ya zo yaƙi ya ƙare. Ranar kasuwa sai ga Mainasara bisa jaki, ya yi baƙi, ya yi ƙiba. Lambar yabo, ya ce ta faɗa ruwa. Kifi kuwa ko ƙarninshi ba ya son ji. Mutane sunka ce abin da ya gani can ne, sunka laƙa mishi Saje.

Da Baturen Makaranta ya aiko a kafa 'yan sikawut, ba a yi gardama kan shugaba ba. Yaro goma sha huɗu anka samu, bayan iyaye sun gama faɗa kan gajeren wando, don liman ya ce gwiwa waje ba tarbiyya ba ce. Anka daidaita kan wando mai rufe gwiwa in an tsaya, mai buɗe ta in an zamna.

Fareti Saje ya san “lef” ya san “rai”. Kalmar tsayawa ya ce sirrin soja ce, saboda haka yara kan yi ta tafiya har sai katangar masallaci ta tsai da su. Amma a bakin gulbi ba shi da na biyu. Ya koya musu iyo bisa gora, ya ce haka sojan Sarkin Ingila ke ƙetare ruwa. Ya koya musu hura wuta da jiƙaƙƙen kara. Ya koya musu ƙullin nan da ruwa ke ƙara wa tauri.

Tuta guda ce za a bayar a ƙasar, ko Magarya ko Rimawa. Waɗanda sunka same ta, an ɗauke wa yaransu dakon kayan Di'o, Baturen mulki, da aikin hanya. In Rimawa ta ci, yaran Magarya su koma dako, Saje ya koma Mainasara.

Saura kwana biyu a zo duba ƙungiya, masinja ya kawo albishir: Baturen da ke zuwa dubawa shi ma ya yi Bama, kuma yana ɗokin ganin ɗan'uwanshi soja.

Saje na jin haka ya miƙe. Ya shige ɗaki ya ce ba ya fita.

“Mi kac ce?” in ji Turai.

“Turai, in yat tambaye ni fa?”

“Yo ka yi kamar kurma mana. Tashi, ba ni son sakarci. Na kashe abin da na kashe a kanka.”

Da hantsin ranar ita ta wanke mishi ƙyallen wuya, ta naɗe shi da kauri, ta ɗaura mishi da hannunta har ƙarƙashin hanci.

Bature ya iso da tafinta. Yara sunka yi fareti, katanga ta tsai da su daidai gabanshi, ya ɗauka tsari ne. Sunka ƙetare gulbi bisa gora sunka komo. Anka miƙa mishi ƙullin Bama a jiƙe, ya yi ta fama da shi har fuskarshi ta yi ja kamar gauta, bai kwance ba. Ya ce shekararshi biyu can bai taɓa ganin irinshi ba.

Sannan ya juyo ga Saje. Tafinta ya ce, “Bature na tambaya, wace bataliya? Wane gulbi kunka ƙetare?”

Saje ya sunkuyar da kai cikin ƙyallen wuya. Da ya ɗago, idanunshi sun kaɗa, hawaye na zuba, hanci na zuba, ya kasa ko tari.

Bature ya daɗe yana kallonshi. Sai ya cire hula, ya sara mishi, ya ce wa tafinta kar a sake tambayar wanga bawan Allah komi, shi ma akwai abin da ba ya iya faɗi. Tuta ta zamna Magarya, har yau tana nan.

Saje ya rasu bara da darajarshi, yara sunka yi mishi fareti har katanga. Malam ya ce in rubuta gaskiya, tunda ni ce Turai. Albasa na daka cikin ƙyallen nan. Bama kuwa tungar masunta ce ta kawuna a bayan Goronyo, inda na aje shi shekara uku yana ɗinkin komar kamun kifi, bayan na fanso shi hannun dogari a hanyar Rabah: dogarin ya ce buhun albasa uku, na tsaya kan biyu, kuma har gobe ina ganin an cuce ni.